Ba kuɗin duwan ke tare kayan Maraɗi ba

Tambayi mai ƙaramar masana'anta a Maraɗi, mai matsar man gujiya ne, ko majemi, ko shugabar ƙungiyar mata masu garin zogale, me ya hana kayansu ƙetare teku. Yawancinsu za su ce kuɗin duwan. Ba a ga laifinsu ba, domin duk wanda ya taɓa raka kaya daga Ɗan Isa zuwa Jibiya ya san abin da shingaye ke ci. Sai dai a manyan kasuwannin duniya, harajin shiga ya daɗe da sauka daga kan kayan Nijar. Tun 2001 Tarayyar Turai ta buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ƙofa: su kawo kowane irin kaya ban da makamai, babu haraji, babu ƙayyade yawa, kuma Nijar tana cikinsu. In kayan ba su wuce na yuro 6,000 ba, wato kusan sefa miliyan 4, mai fitarwa da kansa zai rubuta a jikin takardar ciniki cewa asalinsu Nijar ne, ba sai ya yi rajista ta musamman ba. Ƙasar Sin ma ta soke haraji ga irin waɗannan ƙasashe da ke da hulɗar jakadanci da ita daga 1 ga Disamba 2024. Amurka ce ta yi akasin haka: ta cire Nijar daga AGOA, tsarinta na karɓar kayan Afirka ba haraji, daga 1 ga Janairu 2024, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Wannan bai taɓa Maraɗi sosai ba, don dama ba mu kai wa Amurka abin kirki.

To, tunda ƙofa a buɗe take, me ya sa abin da ke fita daga nan ɗanye ne, riɗi da aya da fata, ba mai a kwalba ko takalmi a kwali ba? Domin mai saye na can ya daina tambayar "nawa ne?" kaɗai. Yana so a nuna masa a rubuce abin da ke cikin kayan, inda suka fito, da yadda aka yi su. Shaida ce ake nema, kuma ita ce ba mu da ita.

Sharuɗɗan nan iri biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya na jawo asara. Akwai na doka, waɗanda in ba a cika ba za a tsare kwantena a tashar ruwa, a mayar da ita ko a ƙone kayan. Akwai kuma na ganin dama, irin tambarin noman da ba sinadari, ko Fairtrade, tambarin ciniki na adalci, waɗanda babu gwamnatin da ta tilasta, sai dai wani mai saye ya ce ba zai karɓa ba sai da su. Na farko su ne ginshiƙi. Wanda ya kashe kuɗi kan tambari alhali gujiyarsa na da fumfuna, ya yi aikin banza.

Mu fara da gujiyar, wato gyaɗa, tunda da ita garin nan ya tashi. A kanta aka gina matsar SICONIGER tun zamanin Turawa, a kanta aka kafa SONARA, kamfanin cinikin gujiya na ƙasa, a 1962, kuma da ita alhazan farko suka yi arziki kafin farin 1973 da cutar da ta biyo baya a 1975 su durƙusar da nomanta. Abin da ke tare ta a Turai yau shi ne aflatoksin, dafin da wata fumfuna ke bari a cikin ƙwaya. Dokar Turai ta ce gujiyar da za a ci kai tsaye kada dafin ya wuce maikirogiram 4 a kilo ɗaya. A kwantena mai tan 20, wannan bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba. Ido ba ya ganinsa, suya ba ta kashe shi, kuma yana jawo sankarar hanta. Fumfunar tana shiga tun a gona in ruwa ya ɗauke kafin ƙwaya ta nuna, ta ƙaru in an shanya a ƙasa mai laima ko an jibge buhuna a kan siminti cikin ɗakin da iska ba ta ratsawa. Ke nan mai matsar mai da ke cikin gari ba shi da iko da rabin matsalar. An riga an ɓata masa kaya tun a ƙauye kafin dillali ya auna masa tiya.

Tsince ƙwayoyin da suka yamutse ko suka sauya launi da hannu yana rage dafin ƙwarai, kuma aiki ne da mata suka iya. Tace mai irin na injin zamani ma yana fitar da mafi yawansa. Sai dai dafin ba ɓacewa yake ba, tunkuza yake komawa. Mu kuma tunkuza muke soya ƙuli-ƙuli mu ba yara, kuma gujiyar da aka tsince aka ware a matsayin marar kyau ba zubar da ita ake ba, araha ake sayar da ita a unguwa. Don haka ni ban yarda da masu cewa wannan sharaɗi neman fitinar Bature ne kawai ba. Ana iya jayayya a kan ko 4 ya yi tsanani, tunda wasu ƙasashe sun fi sassauci. Amma dafin gaskiya ne, kuma cikinmu yake fara shiga.

Labarin wake ya fi wannan fitowa fili. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya gaba ɗaya, saboda an yi ta samun maganin ƙwari mai suna dikulorbos a cikinsa fiye da miligiram 0.01 a kilo da doka ta yarda. Wannan magani shi ne piya-piya da ake sayarwa a kowace kasuwarmu, ana yayyafa wa buhu don kada wake ya yi ƙwari. Ƴan kasuwa kaɗan ne aka kama kayansu, amma ƙasa baki ɗaya aka rufe wa ƙofa, kuma aka yi ta sabunta hanin. Haka tsarin yake: sunan ƙasa ake rubutawa, ba sunan mai laifi ba. Abin takaicin kuwa, maganin matsalar a ƙofar gidanmu yake. Buhun PICS mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, yana toshe iska har ƙwarin su mutu ba tare da ɗigon magani ba, kuma masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, na nan Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi suka yaɗa shi tare da jami'ar Purdue ta Amurka.

Riɗi nasa ciwon ƙwayar salmonela ce, wadda ke zuwa daga kashin tsuntsaye da ƙadangaru da awaki in an shanya a fili. Wasu suka ce bari su kashe ƙwayar da iskar gas mai suna etilin oksaid, sai ga shi a 2020 an gano ta a riɗin Indiya, aka kwashe dubban kayan abinci daga kantunan Turai. Tamfal mai tsabta da katanga sun fi wannan araha. Kilishi kuwa, duk da OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka, ta yi masa rajistar suna tare da albasar Galmi, ba shi da hanyar shiga Turai a halin yanzu, domin Nijar ba ta cikin jerin ƙasashen da aka yarda su kai nama can. Rajistar suna tana kare kaya daga masu kwaikwayo, ba ta buɗe iyaka.

Inda na fi ganin Maraɗi na da abin da wasu ba su da shi, fata ce. Fatar jar akuya ta yi suna tun kafin a san mota: fatake ke kai ta arewa ta hamada, Turawa su saye ta a tashoshin Maroko su kira ta fatar Maroko. Tana da laushi da ƙarfi, ga ƙwayar fuskarta a matse, shi ya sa masu safar hannu da jakunkuna da bangon littafi ke nemanta. An kafa cibiyar kiwon irinta a nan tun shekarun 1960, an gina majemar zamani ta SONITAN, wadda daga baya ta rufe. Yau mafi yawan fatar ɗanya take tsallakawa Kano, a jeme ta a Challawa ko Sharaɗa, ta tafi Italiya da Sifen da sunan Najeriya.

Ga abin da majemanmu ya kamata su sani. Tun Mayun 2015 Turai ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki in sinadarin kuromiyom mai lamba 6 ya kai miligiram 3 a kilo. Wannan matsalar jimar zamani ce, wadda ake yi da gishirin kuromiyom. Jimar gargajiya da bagaruwa ba ta da wannan sinadari ko kaɗan, kuma fatar da aka jeme da tsiro tana da masu nemanta na musamman a can, masu biyan ƙari. Wato abin da ake yi wa kallon na dā shi ne ya dace da sabon sharaɗi. Amma kada a yi saurin murna. Bature ba zai karɓi rantsuwa ba, sai takardar ɗakin gwaji. Rinin da ake sawa bayan jima, wanda yanzu yawancinsa hoda ce ta kanti ba karan dafi ba, shi ma akwai irin da aka haramta. Kuma zai tambayi inda ruwan kwatarniya ke zuwa, ruwan toka da farar ƙasa da gashi da ruɓaɓɓen nama. In amsar ita ce kwata, daga kwata zuwa Gulbi, inda masu lambu ke ban ruwa, ciniki ya lalace. Manyan kamfanonin takalma da jaka sukan nemi shaidar ƙungiyar Leather Working Group, wadda ke binciken ruwa da makamashi da sinadaran majema, kuma wannan ya fi ƙarfin majemi ɗaya. Amma ramin tace ruwa na haɗin gwiwa ga unguwar majema bai fi ƙarfin gari ba.

Sannan fata ma, kamar gujiya, tun kafin ta iso hannun mai sana'a ake kashe ta. Mahauci mai gaggawa ya huda ta da wuƙa wajen fiɗa, a shanya ta a ƙasa cikin rana ta ƙone, ko ƙazuwa da kaska su bar mata tabo tun akuya na raye. Fatun layya nawa ke lalacewa kowace shekara don babu gishiri a kusa? Muddin mai sayen fata kuɗi ɗaya yake biya da mai huji da marar huji, mahauci ba shi da dalilin yin a hankali.

Dokokin muhalli da ake ta yayatawa a rediyo, yawancinsu ba su nufo mu kai tsaye ba. Harajin hayaƙi na kan iyakar Turai ya shafi siminti, ƙarfe, alminiyom, takin zamani, lantarki da haidurojin. Dokar hana sare daji ta 2023, wadda aka sha ɗage fara aiki da ita, ta lissafa shanu, koko, kofi, kwakwar manja, roba, waken suya da katako, tana neman a nuna cewa ba a sare daji don samar da su ba bayan 31 ga Disamba 2020. Akuya ba ta ciki, riɗi da aya da gujiya ma haka. Dokar da ke tilasta wa kamfanoni bin diddigin masu kawo musu kaya kuwa, manyan kamfanoni ta ɗaure. Sai dai ta nan ne ruwan ke gangarowa. Babban kanti a Faransa ya ɗora wa mai shigo masa da kaya, shi kuma ya aiko wa Alhaji takardar tambayoyi: su wa ke yi maka aiki, nawa kake biyansu, akwai yara, da me kake hura wuta, daga wace gona kaya suka fito? Maganar yara tana buƙatar gaskiya. Yaron da ke taya mahaifiyarsa tsince aya bayan ya taso daga lakwal daban, wanda aka cire daga karatu aka tsoma cikin ramin farar ƙasa ba takalmi daban. Na biyun babu mai saye na kirki da zai ɗauka, kuma bai kamata mu ma mu ɗauka ba. Daga Disamba 2027 kuma Turai za ta fara hana duk kayan da aka tabbatar an yi da aikin tilas.

A fannin muhalli muna da abin faɗa da abin ɓoye fuska. A yankin nan ne sassaben zamani ya soma a farkon shekarun 1980, manoma suka daina tumɓuke kututture, suka bar gawo da kalgo da sabara su sake tofowa a cikin gona. An ƙiyasta bishiyoyin da suka dawo a kudancin Nijar sun kai miliyan 200 a kan hekta kusan miliyan 5. Riɗin da aka noma a ƙarƙashin gawo yana da labarin da kamfanonin Turai ke kashe kuɗi su samu irinsa, amma babu littafin da aka rubuta wace gona ce, ta wane ne, bishiya nawa. A ɗaya gefen kuma ga aya, wadda Agye da Gazawa da Madarunfa suka shahara da ita, kuma mutanen Sifen ke saye don yin abin sha mai kama da kunun aya. Girbinta da ƙona ganye ake farawa, a tone ƙasa a tankaɗe, a bar gona tsirara ga iskar hunturu. Ranar da mai saye ya zo ya gani da idonsa, zai yi tambaya.

Yanzu ga lissafin da ke raba mai iyawa da marar iyawa. Kuɗin shaida, wato zuwan mai bincike, da aika samfur ɗakin gwajin da mai saye ya amince da shi, da albashin mai riƙe littattafai, kusan ɗaya ne ko kayanka kaɗan ne ko da yawa. A ɗauka, don misali kawai, sefa miliyan 3 ne a shekara. Mai fitar da tan 10 ya ɗora sefa 300 a kan kowane kilo, ya fita daga kasuwa. Masu tan 300 sefa 10 kacal suka ɗora. Shi ya sa dokar Turai ta noman da ba sinadari, wadda ta fara aiki a 2022, ta yarda da shaidar rukuni: ƙananan manoma har 2,000 su shiga takarda ɗaya, su naɗa masu duba na cikin gida, mai bincike na waje ya zo ya zaɓi wasu ya gwada. Wahalar ba a takardar take ba. In mutum ɗaya ya sayo buhu biyar a kasuwa ya cusa cikin na ƙungiya don ya cika alkawari, aka kama, kowa ya rasa. Mu kuma al'adar kasuwancinmu ta ginu ne a kan amanar uban gida da baransa, kowane Alhaji da nasa sirrin, ba ya son maƙwabci ya san wa ke saye a hannunsa. Amanar tana aiki, ta kai kaya har Jidda da Dubai ba takarda. Amma ba a iya aika ta ta imel ga wanda bai taɓa ganinka ba.

Shawarata ga mai ƙaramin jari ita ce kada ya sayi tambari kafin ya sami mai saye. Tambura sun yi yawa, kowane da kasuwarsa, kuma kowace shekara sai an sabunta. A fara da abin da ba ya ɓata: lambar kowane zubi a jikin kwali, littafin da ke nuna ranar sayen ɗanyen kaya da ƙauyen da suka fito, tsarin tsabta irin na HACCP, da shaidar ingancin ANMC, hukumar ma'auni ta ƙasa. Kuma in ciniki ya faɗa, a tsaya a kan magana ɗaya a cikin yarjejeniya: a ina za a yi gwajin da za a dogara da shi, wajen lodi ko wajen sauke? Kayan da suka fita lafiya daga Maraɗi na iya yin fumfuna cikin kwantena mai gumi a hanya, musamman da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya suka koma zagayawa ta Burkina zuwa Lome maimakon Kwatano. Wanda ya sa hannu kan gwajin wajen sauke ya ɗauki asarar hanyar da ba shi ke tuƙi ba.

Gaskiya ma, ga mafi yawan masana'antunmu, kasuwar waje ta farko ba Turai ba ce, Katsina ce da Kano. A Yamai aka ƙaddamar da fara aikin yankin ciniki maras shinge na Afirka, ZLECAf, a Yulin 2019, aka soma ciniki a ƙarƙashinsa a 1 ga Janairu 2021, da niyyar soke haraji a kan kashi 90 cikin 100 na nau'ukan kaya, ƙasashe irin namu a cikin shekara 10. Abin lura a nan shi ne ƙa'idar asalin kaya. Arzikin Maraɗi na bayan gujiya a kan taranzit ya tsaya: atamfa da taba da shinkafa su sauka Kwatano, su biyo ta nan, su shiga Najeriya. Shinkafar Tailan da aka sauya wa buhu ba za ta taɓa zama kayan Nijar a wannan tsari ba. Man da aka matse daga gujiyar Tasawa kuwa na Nijar ne ɗari bisa ɗari. Tsarin, in ya zauna, mai sarrafawa yake fifitawa a kan mai tsallakarwa.

In ya zauna, na ce. Wata ɗaya bayan bikin Yamai, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, daga Agustan 2019 har Disamba 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulki har Maris 2024, aka yanke wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina zuwa Gazawa, injinan niƙa da na ƙanƙara suka tsaya. Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a 29 ga Janairu 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar kayan ƙasashen AES, wato Nijar da Mali da Burkina, bisa tsohon tsarin sassauci har sai an sake magana, wanda ke nufin alfarma ce, ba haƙƙi ba. Ga kuma kuɗi: sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta faɗi daga wajen 460 a dala zuwa sama da 1,500 cikin 2024. Kayan Kano suka yi arha a nan, namu suka yi tsada a can. Sannan babban kanti a Kano ba zai jera man girki ko garin kunu ba tare da lambar hukumar abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ba, kuma dokar Najeriya ta ce man girki sai an ƙara masa bitamin A. Ta bayan fage ana shigar da jarka, ba musu, amma jarka ba ta gina suna.

Layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 kuma kamfanin Mota-Engil ke ginawa, zai rage kuɗin dako in ya kammala, ya haɗa mu da hanyar Legas. Ana yawan maganarsa kamar namu kaɗai zai ɗauka. Taragon da zai kai fata da riɗi kudu shi ne zai dawo da sabulu da taliya da man girki na masana'antun Kano, masu lamba da ranar ƙarewa a jiki, a farashin da ya fi na yau sauƙi. Mai matsar man da ke zubawa a tsohuwar robar ruwa zai gamu da wannan gasa a babbar kasuwar Maraɗi tun kafin ya yi tunanin fitar da kwali ɗaya.